Kafin ka sayi rauta ko ka canza layi a Katsina, auna intanet ɗin ɗakinka tukuna

Kusan kullum bayan isha'i, a teburin mai shayin da muke zama kusa da Ƙofar Marusa, sai an yi musu a kan netwok. Wannan ya ce layinsa ya fi na kowa gudu, wancan ya rantse da Allah data ta kwana talatin ya saya ta ƙare a kwana tara. Kafin shayi ya huce maganar ta koma kan gwamnati, kan ƙarin kuɗin kira da data da aka yi a 2025, kan waɗanda aka zaɓa suka tafi Abuja ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ni ma ina sa baki, kuma ba na raina wannan musu, don duk wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa yana da bakin magana. Amma na daina yanke shawarar abin da zan saya da abin da na ji a majalisa, kuma ina da dalili.

Ƙaramin shago gare ni, kwamfuta uku da firinta biyu. Muna buga takardu, muna cike wa mutane fom na neman aiki da na tallafin karatu, wani lokaci in ɗora wa masu ɗaukar bidiyon biki aikinsu don a tura wa dangin amarya da ke nesa. Da intanet nake ciyar da gidana. Shekarun baya wani abokina ya yaba mini wani layi, ya nuna mini wayarsa tana buɗe bidiyo kamar ruwan famfo. Washegari na sayi rauta ta kamfanin, wato na'urar da ake sa wa SIM ta raba intanet ta wayifai, da data ta wata guda. A satin nan wata yarinya ta zo da mahaifiyarta daga Sabuwar Unguwa, za a rufe shafin tallafin karatu ƙarfe goma sha biyun dare. Mun fara tun bayan magariba. Takardu huɗu ne kawai za a ɗora, amma da ɗorawar ta kai rabi sai ta tsaya cak. Mahaifiyar tana zaune a kan benci da carbi a hannu, can ta ce mini, "Ɗan nan, ko mu dawo gobe?" Na ce, "Inna, ai babu goben, yau ake rufewa." Ƙarfe goma sha ɗaya saura na hau babur da kwamfutar a jaka zuwa gidan wani ƙanena a Rafin Daɗi, a can takardun suka shiga. Da sun ƙi shiga, shekara guda ta yarinyar nan ta tafi a hannuna.

Abokina bai yi mini ƙarya ba. A gidansa layin yana gudu. A shagona ne ba ya yi, kuma da daddare ne ya fi lalacewa. Wayarka ba da kamfani gaba ɗayansa take magana ba, da eriya ɗaya take magana, wadda ta fi kusa da kai ko ta fi ƙarfi a inda kake. Eriyar nan kuwa kamar rijiyar unguwa take: da asuba kai kaɗai ne a bakinta, daga magariba zuwa sha ɗayan dare kowa ya zo da gugarsa. Shi ya sa layin da ya zama sarki a GRA zai iya zama ba komai ba a cikin lungunan da ke bayan Hasumiyar Gobarau, kuma wanda ya yi maka aiki da hantsi ya ƙi yi da dare.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma haka nake sa duk wanda ya zo neman shawara ya yi.

Samo littafin rubutu na 'yan makaranta, ka ja layi huɗu a shafi: rana, lokaci, layin da ka gwada, abin da ya fito. Ba sai ka sayi sabbin layuka ba. Ari na matarka, na ƙanenka, na maƙwabci, ka sa wa kowanne 'yar data ta kwana ɗaya ko ta sati. Sai ka shiga fast.com, wanda kamfanin Netflix ya yi, ko ka sauke manhajar Speedtest ta Ookla. Ka gwada a daidai wurin da za ka riƙa zama kana aiki, ba a ƙofar gida ba, ba a kan titi ba. Sau uku a rana: da safe, bayan azahar, da kuma tsakanin takwas da goman dare. Ka yi haka kwana bakwai, har da Juma'a da Lahadi. Waya ɗaya za ka yi amfani da ita a duk gwajin, don in ka gwada wannan layi a sabuwar waya wancan a tsohuwa, wayoyin ka auna, ba layukan ba. Ka kuma sani shi kansa gwajin yana shan data, musamman in layin na da gudu, saboda haka kada ka yi ta maimaitawa ba dalili.

Lambobi uku za ka gani. Ta farko gudun saukewa, wato yadda abu ke zuwa maka. Ita kowa ke kallo, ita ake alfahari da ita a majalisa. Ta biyu gudun ɗorawa, yadda abu ke fita daga wurinka. A fast.com sai ka danna wurin ƙarin bayani kafin ta fito. Mai kallon bidiyo bai damu da ita ba, amma mai aiki ita ce rayuwarsa: ɗora takardu, tura bidiyo, fitar da fuskarka da muryarka a taron Zoom, duk a kanta suke. Rautar da ta kusa jawo mini abin kunya tana saukewa da kyau, ɗorawarta ce da dare ba ta kai megabit ɗaya ba. Ta uku ita ce jinkiri, ana auna ta da ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In tana ƙasa da 100, kiran bidiyo zai tafi daidai. In ta haura 200 ko tana tsalle sama da ƙasa, za ka riƙa shiga maganar mutane a taro ba da niyya ba, ko ka yi shiru ana jiran ka.

A nan akwai lissafin da nake so kowa ya riƙe, don rashin saninsa ne ke haddasa rabin faɗan da ake yi da masu sayar da data. Gudun intanet da megabit ake auna shi, girman fayil kuma da megabait. Megabit takwas ne ke ba da megabait ɗaya. In gwaji ya nuna maka 8 Mbps, wato megabit takwas a daƙiƙa, a daƙiƙa ɗaya megabait ɗaya kake samu. Bidiyon biki mai megabait 500, in gudun ɗorawarka 2 Mbps ne, zai ɗauki minti 33 da 'yan kai. In 10 Mbps ne, bai kai minti bakwai ba. Juya lissafin kuma ka ga yadda data ke tafiya: abin da ke jan megabit ɗaya a kowace daƙiƙa, a awa guda ya sha megabait 450. Taron bidiyo ko kallo mai jan megabit biyu, awa ɗaya ya kusa cinye giga guda. Wanda ya koma waya mai 4G daga tsohuwa mai 3G ya ga datarsa na saurin ƙarewa, sau da yawa ba sata aka yi masa ba. YouTube da Facebook ne suka ga hanya ta buɗe suka ƙara wa hoton kyau da kansu, kyan hoto kuwa data ne.

Bayan kwana bakwai ka duba littafin. Kada ka zaɓi layin da ya ba da lamba mafi girma sau ɗaya. Duba layin da lambarsa mafi ƙanƙanta ta fi ta sauran, a lokacin da kake aiki. Ni na fi son layin da ke ba ni megabit shida safe da dare a kan wanda zai ba ni talatin da asuba ya bar ni da rabin ɗaya bayan isha'i.

Sai maganar inda za ka ajiye na'urar, wadda mutane ke wasa da ita alhali kyauta ce. Sandunan sabis da ke saman waya ba su faɗin gaskiya sosai. A wayar Android shiga saiti, ka nemi bayanin waya, sannan matsayin SIM, za ka ga ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gaba da dBm a baya. Wadda ta fi kusa da sifili ita ta fi kyau. A 4G, -85 sigina ce mai kyau, -100 ana lallaɓawa, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Riƙe wayar ka zaga gidan a hankali, ka tsaya rabin minti a kowane wuri. Gidajenmu na cikin gari masu katangar ƙasa mai kauri, da rufin kwano, da ɗakin da ke can ƙurya bayan zaure biyu, duk suna danne sigina. A shagona, tsakanin teburin da ke ciki da tagar da ke kallon gabas na sami bambancin da ya wuce goma. Na buga ɗan katako a saman tagar na ɗora rautar a kai, na sa mata inuwa da kwali don kada rana ta dake ta. Ban ƙara ko sisi a kuɗin data ba, aikin ya canza. Kada ka sa ta a ƙasa, ko cikin durowa, ko bayan firij.

In za ka sayi rauta, tambayi mai shago ko kullalliya ce, wato layin kamfani ɗaya kawai take karɓa. Kullalliya ta fi araha, amma ranar da layin ya faɗi ta zama kayan ado. Na fi son wadda ke karɓar kowane layi, ko da kuɗinta ya ɗan ɗara, in da hali mai wurin ɗaura eriyar waje. Kuma kada a ruɗe ka da rubutun 5G. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma ba kowace eriya ce ke da shi ba. Kafin ka zuba kuɗi a waya ko rauta mai 5G, sa wani mai irin wayar ya zo ɗakinka ka gani da idonka. Akwai kuma 5G ɗin da ake gani a sunan wayifai na wasu rautoci, wannan daban ne: 5GHz ne, hanyar da rauta ke magana da wayarka a cikin gida. Ya fi gudu a kusa, amma ba ya ratsa bango kamar 2.4GHz. Mai zama ɗaki ɗaya da rauta ya hau na biyar, wanda ke tsakar gida ya hau na biyu da ɗigo huɗu.

Ranar da ka kawo rautar, canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Adireshin shiga saitinta yana rubuce a ƙarƙashinta ko cikin murfin batir, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A can za ka ga jerin wayoyin da ke kanta. Na taɓa ƙirga goma sha ɗaya alhali mu huɗu ne a shago. Ba na hana maƙwabci in ya roƙa, amma ina so in san wa na ba.

Wuta kuma. Rauta ba ta cin wuta sosai, yawancinsu bolt 12 suke so, ƙarfin da suke ja bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tada janareto saboda rauta kaɗai ya zama asara. Akwai ƙaramin batir da ake sayarwa musamman don rauta, yana riƙe ta awoyi in an ɗauke wuta. Akwai kuma wayar da ke ɗaga bolt biyar na fawa banki zuwa goma sha biyu. Duba rubutun da ke jikin cajar rautarka kafin ka saya, don bolt ɗin da bakin wayar su dace. Mai ƙaramar mayifai ta aljihu ya kula da zafin bazara. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, barin ta a caji dare da rana yana kumbura batir. Da ka ga murfin ya fara ɗagowa, cire batirin nan take, kada ka ce bari ya ƙara sati. Mai sola kuma ya riƙa goge faranti a lokacin hunturu, ƙura tana rage abin da yake tarawa.

Yanzu ga ramukan da data ke zurarewa. Mafi girmansu shi ne wanda ba a lura da shi: waya da kwamfuta sun ɗauka duk wayifai kyauta ne. An saita su a kan su jira wayifai kafin su sabunta manhajoji ko su kwashe hotuna zuwa Google Photos. To kai wayifai ɗinka daga rauta ko hotsfot yake, data ce ka saya da guminka. Da ka haɗa, sai kowace na'ura ta fara abin da ta daɗe tana jira. A kwamfuta mai Windows, shiga saitin wayifai ɗin ka kunna maɓallin da ke nuna mata cewa wannan layi mai awo ne. A Play Store ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, ka riƙa yi da hannunka. A WhatsApp shiga wurin ajiya da data, ka hana bidiyo da hotuna sauka da kansu, musamman in kana cikin zaurukan siyasa da na 'yan ajinku, inda bidiyo ɗaya zai zo maka sau biyar daga mutum biyar. A YouTube ka sa 360p ko 480p, a fuskar waya ya wadatar. A Facebook ka hana bidiyo tashi da kansa. A taron Zoom, in ba kai ke magana ba kuma ba a wajabta ba, rufe kyamara.

Wajen sayen data, raba kuɗin da yawan gigar ka ga nawa kowace ɗaya ta kama, sannan ka karanta sharaɗin. Wata garaɓasar rabinta da tsakar dare kawai take aiki, wata ta manhajoji ƙalilan ce. Wadda aka ce ba ta da iyaka, nemi inda aka rubuta adadin da in ka kai za a rage maka gudu. Tun 2023 lambobin sun zama iri ɗaya a duk layuka: *312# don sayen data, *323# don duba abin da ya rage, *310# don duba kuɗin kira, 300 don magana da kamfani. Rubuta abin da ya rage kowace safiya a littafin nan naka har sati biyu, ka gwama da abin da wayarka ta nuna ta sha.

Duk mai aikin da ke da wa'adi ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Na biyun ba sai ya sha kuɗi ba, 'yar data kaɗan da ba ta saurin ƙarewa ta isa, amma ka riƙa amfani da shi lokaci-lokaci don kada a rufe shi, kuma ka tabbatar an haɗa shi da lambar NIN ɗinka. Masu zuwa Jibiya ko Kongolam ta wajen Daura su kashe yawon data na ƙetare, don a bakin iyaka waya kan kama eriyar Nijar, kuɗin can kuwa daban ne. Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan adam, ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma ga makaranta ko ofis ko shaguna da yawa da za su haɗa kuɗi, yana da amfani, musamman inda eriya ta yi nisa. Ga mutum ɗaya mai ƙaramin shago irina, kuɗin kayan da na wata-wata da wutar da yake buƙata sun fi ƙarfin abin da nake samu.

Akwai ranar da duk dabarun nan ba za su yi ba, don matsalar ba a ɗakinka take ba. Yawancin intanet ɗin ƙasar nan ta wayoyin ƙarƙashin teku yake shigowa, su sauka a Legas, sannan a jawo shi ta wayar gilashi da aka binne a gefen titi fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso mu. Mai aikin hanya ya sa katafila ya tsinke ta a wani gari da ba ka taɓa zuwa ba, kai ka ji a jikinka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na cikin teku suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa, bankuna da shaguna a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka tsaya. Mu nan Katsina mun ga wanda ya fi wannan. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Dutsin-ma da Funtuwa. Na ga mutanen da suka biya kuɗin mota suka shigo birni don kawai su kira ɗansu ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Har yau in aka tada zancen a majalisa ana rabuwa biyu, masu cewa ya taimaka da masu cewa talaka ne ya sha wuya. Abin da ni na ɗauka daga lokacin shi ne sabis ya shiga sahun ruwa da hanya da wuta, kuma ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu a kansa da irin wannan nauyin: me za su yi a kan kuɗin da ake karɓa kafin a binne waya a gefen titi, da tsaron eriyoyin ƙauye, da haɗa makarantu da asibitoci.

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan sun nemi ninki, suna kuka da tsadar dizal da faɗuwar naira. Na fahimci kukansu, ni ma ina sayen mai. Amma wanda aka ƙara wa kuɗi yana da haƙƙin a ƙara masa inganci, kuma hanyar neman haƙƙin tana nan. Kira 300, ka faɗi unguwarka, da ranakun, da lokutan, da lambobin da ka rubuta. Ka nemi lambar ƙorafinka ka ajiye. In kwanaki sun wuce ba a yi komai ba, kira 622, layin NCC ne na kyauta, za su tambaye ka waccan lambar. Mai cewa "netwok ɗinku ba kyau" ana ba shi haƙuri a kashe waya. Mai cewa daga takwas zuwa goman dare, kwana bakwai a jere, ɗorawa ba ta kai megabit ɗaya ba a wuri kaza, dole a rubuta. In ku goma ne a unguwarku kuka yi haka, ya fi ƙarfi.

Ranar da ake rufe wani shafi kuwa, ga tsarin shagona. Ba na karɓar aikin ranar ƙarshe bayan la'asar sai in babu makawa, don ban da cunkoson eriya, shi kansa shafin yana cika da masu rububi daga duk faɗin ƙasa. Ina rage nauyin takardu tun kafin a fara, hoton da waya ta ɗauka mai megabait huɗu in mai da shi ƙasa da kilobait 200, yadda yawancin shafukan ke so. Ina cika batirin rauta da na kwamfuta tun dare, layi na biyu yana cikin waya da datarsa. Iyayen yara kuma ina ce musu su turo su da takardunsu bayan sallar asuba, ina buɗe shago ƙarfe shida da rabi a irin waɗannan ranakun.